Tankin da Ya Biyo Ummi Gida

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya bar mini 'yata da rai. Ni ba marubuciya ba ce, ɗinki nake yi a ɗakina a nan Kazaure, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ya fi hannuna sauri. Na zauna na rubuta wannan ne saboda iyayen da ke sallamar yara makaranta da safe su koma harkarsu da kwanciyar hankali, kamar yadda nake yi a da. Akwai godiya a cikinsa, akwai ƙorafi, kuma ba zan ɓoye ko ɗaya ba.

Ummi ce 'yarmu ta fari. Sunan surukata aka sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunanta na yanka a gidan. Shekararta bakwai lokacin da abin ya faru, tana aji biyu a wata makarantar kuɗi da ke bayan unguwarmu, boko da safe, Islamiyya da yamma. A can take wuni, ruwan can take sha. Mai makarantar, Malam Isiyaku, shi ya koyar da Baban Ummi karatu tun yana ƙarami. Har yau in ya hango Malam a hanya sai ya tsayar da adaidaita sahunsa, ko da fasinja a ciki, ya sauko ya durƙusa.

Da bazara ciwon ya fara, kuma a hankali ya shigo. Kullum da safe sai ta riƙe ciki ta ce yana murɗa mata. Na ce lalaci ne, har ina tsokanarta da cewa wannan ciki ya san ranar makaranta. Sai ta daina cin abinci. Ɗanwake da take rawa in ta ji ƙamshinsa, sai ta tsakura ta ture kwanon. Bayan gida ya ƙi fita. Ga wata baƙar zuciya da ban san ta da ita ba, ƙaninta Sadiƙ ya taɓa takalminta kawai sai ta rufe shi da duka tana kuka. A makon farko kemis muka je, aka ba mu maganin tsutsar ciki. Ta sha, babu abin da ya canza.

A mako na biyu muka tafi asibiti. Wanda bai taɓa bin layin kati da yaro mara lafiya a goye ba, ba zai gane ba. Ummi ta wuce goyo, amma ƙafarta ta ƙi ɗaukarta, haka na goya ta ƙafafunta suna dukan gwiwata. Tun hantsi muke kan benci sai bayan azahar muka ga likita. Aka ɗebi jini, aka ba mu maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot. Likitan ya ja mini kunne ƙwarai a kan ruwa. Ya ce a ba ta mai tsabta, a tafasa, a ajiye a abu mai murfi.

A wannan makon ne tanki ya shigo gidanmu. Ina ɗinki na ji Baban Ummi yana ƙwala mini kira daga waje, bakinsa har kunne.

"Maman Ummi, fito ki ga abin arziki!"

Na leƙo, sai ga tankin ƙarfe ɗaure a saman adaidaita sahu da igiya. Bai fi duro biyu girma ba, yana da murfi, yana da famfo a gindi.

"Wannan kuma daga ina?"

"Na makarantar su Ummi ne. Sun sayi na roba. Baba maigadi ya ce Malam ya ce a fitar da wannan a jefar. Na ce a jefar da me? Ƙarfe mai kauri haka? Na ba shi na goro, ya taya ni ɗorawa."

Wallahi na yi murna. Mu nan ba a jefar da abu. Gwangwanin madara ma sai ya yi aikin awo na shekaru, tsohuwar taya ta zama guga, balle tanki mai famfo. Na zura hannu da soso na wanke shi tas. A gindinsa daga ciki na ga faci-faci masu launin toka, sumul, inda aka like huji. Har na yaba wa wanda ya yi aikin, don ko ɗigo ba ya yi.

Sai na yanke hukunci irin na uwa. Tunda likita ya ce ruwa ne matsalar, to wannan tanki na Ummi ne ita kaɗai. Ruwan burtsatse muke saya a wurin 'yan garuwa a juye a ciki, ya kwana ya wuni a rufe, in ɗiba in tafasa in ba ta. Mu sauran muka ci gaba da shan ruwan rijiya a randa. Sadiƙ ya sha dukan hannu a bakin famfon nan ba sau ɗaya ba. Ina ce masa, "Bari! Ruwan Yaya ne."

Ta daina zuwa makaranta, tana shan magani a kan kari, tana shan ruwan da ya fi na kowa tsabta a unguwar, amma kullum ƙara lalacewa take yi. A mako na uku amai ya shigo. Tafin hannunta ya yi fari fat, idonta ma haka. Tana yawan dafe kai. In na kira ta sai na maimaita kafin ta waiwayo, ta dube ni kamar wadda aka tasa daga barci. Wata rana ta tashi za ta zagaya, ta yi tangal-tangal ta dafe bango. A nan tsoro ya fara kama ni sosai.

Labari ya kai dangi, kowa ya zo da nasa ilmin. Inna, surukata, ta taso daga Kanya Babba da ƙullin saiwoyi a bakin zane. Ta buɗe idon yarinyar ta ce, "Takwarata shawara ce ke cin ta. Ku da asibitinku, komai sai allura." Goggona ta Gwiwa ta ce ita iska take gani, a yi hayaƙi. Wani abokin Baban Ummi ya kawo rubutu a jarka. Ban raina ko ɗaya ba, kowa don ƙauna ya yi. Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne saiwoyin nan a ruwan tanki na jiƙa su, rubutun ma da ruwan tanki na ƙara shi don ya kai mu kwanaki. Maƙwabciyata Maman Joy, wadda ɗanta yake aji ɗaya da Ummi a ɓangaren boko, ita ce kullum take cewa, "Maman Ummi, wannan ciwo ya wuce na gida. Ku kai ta Kano." Ina jin ta, amma zuwa Kano ba da baki ake yi ba. Akuyarmu ta riga ta tafi kasuwa, ɗinkin mutane ya taru ban taɓa ba, Baban Ummi kuma rabin wuninsa a hanyar kemis yake ƙarewa.

Ranar da ciwon ya yanke mana shawarar tafiya Kano, da hantsi ne. Ina dama mata koko, tana kwance a tabarma a inuwa, sai na ji wani irin gurnani. Na juyo na ga jikinta yana jijjiga, idanu sun kakkafe sama, haƙora sun datse. Ludayin ya faɗi daga hannuna. Inna tana salati tana neman cokali ta sa mata a baki, Maman Joy ta faɗo gidan ta riƙe hannunta ta ce a'a, a juya ta gefe kawai. Ban san lokacin da na fita titi ba mayafi ba. Allah Ya sa Baban Ummi bai yi nisa ba. A asibitin gari suka yi mata allura jijjigar ta lafa, suka ce jininta ya yi ƙasa sosai, mu wuce Kano yanzu. Hanyar nan na sha bin ta zuwa sayen yadi, ban taɓa sanin tana da tsawo haka ba. Hannuna yana kan ƙirjinta tun daga Kazaure har muka shiga gari, ina jin ko yana motsi.

A Kano babanta ya ba da jini aka ƙara mata. Muka samu gado bayan doguwar jira a baranda. Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta da yawan fara'a, amma tana da tambaya kamar alƙali. Ta sa na faro mata labarin tun daga ciwon cikin farko, ba ta katse ni ba. Sannan ta fara.

"Akwai mai haƙar ma'adinai a gidanku?"

"Babu, likita."

"Mai gyaran batir ko mai fasa shi fa?"

"Babu."

"Kuna sa mata kwalli?"

"Sai da salla."

Ta ce akwai wani gwajin jini da ba a nan ake yi ba, sai an aika, kuma yana da tsada. Keken ɗinkina na biyu, wanda nake koya wa 'yan mata da shi, shi ya biya wannan gwaji. Kwanakin jiran sakamako su ne mafi muni a rayuwata. Ummi tana kwance, wani lokaci ta gane ni, wani lokaci ta bi ni da ido kawai. Jijjigar ta sake dawowa sau ɗaya. Matar da ke jinya a gadon kusa da mu, wadda ban taɓa gani ba kafin nan, ita ta riƙa tilasta mini cin abinci daga kwanonta. Allah Ya saka mata, ko sunan garinsu ban riƙe ba.

Da sakamako ya fito likita ta kira mu mu biyu. Ta ce gubar dalma ce a jinin yarinyar, kuma da yawa. Na ce dalma? Irin wadda muke ji a rediyo a garuruwan da ake haƙar zinare? Mu ina muka ga zinare? Ta ce ba sai da zinare ba, tana iya shiga ta fenti, ta ƙasa, ta ruwa.

"Wane ruwa take sha?"

Nan na gyara zama, don a nan ne nake ganin ban gaza ba. Na ba ta labarin tanki, da ruwan burtsatse, da yadda nake tafasawa.

"Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, ba ta fitar da dalma," in ji ta. "Tankin na roba ne ko na ƙarfe?"

"Na ƙarfe."

"An taɓa yi masa faci?"

Kafin in buɗe baki na ji Baban Ummi ya ce, "Innalillahi." Na dube shi. Ya ce, "Likita, masu faci a wurinmu dalmar tsohon batir suke narkawa su like gindin tanki. Na sha gani." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma kafin ya zo gidana, a makarantarsu yake. Shi duk yaran suke sha."

Ban yi kuka a ofishin ba. Sai da na fito na ga kofin Ummi a kan durowar gado, wanda na zo da shi daga gida, sannan kukan ya ƙwace mini.

Aka fara mata magani, allurai da farko, daga baya wasu ƙwayoyi masu warin ruɓaɓɓen ƙwai da sai an yi kokawa take haɗiyewa. Wata magana ta likitar nan ta zauna mini daram. Ta ce, "Abin da ke cikin jini za mu iya fitarwa. Abin da ya riga ya taɓa a ƙwaƙwalwa, sai dai mu jira mu gani." Ta kuma ce lallai a sanar da makarantar, a gwada sauran yara.

Baban Ummi ya koma Kazaure don wannan. Ya dawo washegari yana sunkuyar da kai. Baba maigadi ya gaya masa cewa ai ma'aikatan lafiya sun zo makarantar tun kafin a fitar da tankin, saboda ɗan ɗaya daga cikinsu ya kwanta ciwo. Sun ɗebi ruwan sun tafi, da suka dawo suka keɓe da Malam a ofis, washegari Malam ya ce a jefar da tanki. Shi maigadi ba wanda ya gaya masa dalili.

"To da ka je wurin Malam me ya ce?"

"Ya ce yana ta yi mata addu'a."

"Ka tambaye shi maganar tankin?"

"Maman Ummi, Malam ne fa. Ta ina zan fara?"

"Ta inda 'yarka take kwance za ka fara!"

Mutanen ɗakin suka juyo suna kallonmu. Ban taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba sai ranar. Na san ba rashin son 'yarsa ba ne, harshensa ne ba ya iya tashi a gaban wanda ya koya masa alif. Ni kuwa Malam bai koya mini komai ba. Da Ummi ta fara zama da kanta tana shan kunu, na bar ta da babanta na hau mota.

Bayan la'asar na same shi a zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, don ba a yi mini tarbiyyar tsaye a kan manya ba. Ya tambayi mai jiki.

"Allah gafarta Malam, mai jiki dalma ce a jininta. Kuma an ce Malam ya san da maganar tun kafin mu sani."

Ya daɗe yana jan carbi kafin ya amsa.

"'Yata, da aka gaya mini, ban kwana biyu ba na cire tankin. Na sayi sabo. Na ga in na tara iyaye na faɗa, hankali zai tashi, a kwashe yara, malaman nan su rasa abin kai wa gida. Na ce tunda an cire cutar, Allah Ya rufa asiri."

"Asirin wa aka rufa, Malam? Mako nawa muna maganin taifot da shawara da iska. Kalma ɗaya daga bakin Malam da ta kai mu Kano tun tana tafiya da ƙafarta. Kuma Malam ya san inda tankin ya je?"

"Na ce a jefar."

"A gidana aka jefar da shi. Shi na keɓe mata ita kaɗai, don ina ganin ya fi tsabta."

Carbin ya tsaya. Na ga fuskar dattijon nan ta sauya. Wallahi bai sani ba, wannan na yarda. Amma rashin sanin nasa daga shirunsa ya fito. Da ya gaya wa maigadi dalili, maigadi ba zai karɓi na goro a kan guba ba.

Na ce masa yaran da suka sha ruwan nan suna gidajensu, wasu ma wataƙila ana can ana jiƙa musu saiwa. Ko dai ya tara iyaye ya faɗa da bakinsa, ko ni in bi gida-gida. Ya ce in ba shi lokaci ya yi shawara. Ban ba shi ba. Washegari ana suna a layinmu, tsakar gida cike da mata, na miƙe ana tsakiyar rabon waina na faɗi komai. Wasu suka ce na tozarta malami, wata ma ta ce jinya ce ta taɓa mini kai. Maman Joy ta miƙe ta tsaya kusa da ni ta ce ita gobe za ta kai ɗanta gwaji, wanda ya ga dama ya zauna. Kafin magariba maza sun cika ƙofar makaranta.

A nan zan yi wa Malam adalci. Ya fito, bai ɓuya ba, bai ɗora wa kowa ba. Ya ce an gaya masa ya sanar da iyaye, shi ne bai yi ba. Ma'aikatan lafiya suka dawo, aka shirya gwajin yara. An samu dalmar a jikin wasu, har da ɗan Maman Joy, amma ba wanda ta yi wa yawa kamar Ummi, don su sun rabu da tankin tun ranar da aka fitar da shi. Malam ya zo Kano da ƙafarsa, ya tsaya a kan gadonta yana hawaye, ya kuma ɗauki wani kaso na maganin. Na gode masa a kan wannan. Yafiya kuwa ina kan hanya, ban isa ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya in ce na isa ba.

Tankin, Baban Ummi ya kai shi wurin mai walda aka yanyanka shi a gabansa kafin ma'aikata su kwashe. Ko a wurin sai da wani ya ce a bar masa gindin zai yi wa tumaki abin shan ruwa.

Iyaye, ku shiga makarantar 'ya'yanku ku ce a nuna muku inda suke shan ruwa, ku buɗe murfin ku leƙa. Yaron da ciwon ciki da ɗashewa da mantuwa suka haɗu masa, magani kuma ya ƙi ci, ku ambaci dalma a gaban likita ko da za a yi muku dariya. Ku kuma masu makarantu, in an gano abu a ruwan da 'ya'yanmu suka sha, cire shi rabin aiki ne. Ku gaya mana a ranar, mu ji haushinku, mu kai yaranmu asibiti.

Mun dawo gida da damina ta kankama. Ummi tana ci, tana wasa, kumatunta sun dawo, jijjiga ba ta sake zuwa ba. Muna komawa Kano ana duba jinin, kuma yana sauka. Alhamdu lillahi. Sauran kuwa muna nan muna jira mu gani, kamar yadda likita ta ce. An mayar da ita aji ɗaya, tana zaune da yaran da ta girma.

Jiya da yamma na aike ta shagon bakin layi ta sayo gishiri da ashana. Ta daɗe. Da na leƙa sai na gan ta tsaye a bakin ƙofa, ƙullin gishiri a hannu, canji a ɗaya hannun, ta kasa shigowa.

"Mama, ɗayan mene ne?"

"Ashana ce, Ummi. Ba komai."

Ta dubi gishirin, ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Mama, da can ba na mantawa, ko?"

Na ɗauki mayafina, na riƙe hannunta, muka koma shagon tare, tana ta maimaita ashana, ashana a hankali har muka isa.